HUTUN WANI ƊALIBI A ƘASAR RASHA: DAGA MOSKO ZUWA MAKWANCIN IMAMU BUHARI

A cikin shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasar Nijeriya, watau daga 1970 zuwa gaba, samarin ƙasar nan da yawa sun sami gurbin karatu a Tarayyar Sobiyat, wadda jama'a suka fi sani da sunan Rasha. Zumunci ya ƙullu tsakanin ƙasashen biyu tun sa'ad da Rasha ta sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi a 1967, daga baya kuma aikin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta ya ƙara masa danƙo. Amma fa iyaye ba su saki jiki ba, domin abin da aka sani game da Rasha a zaurukan Arewa shi ne ƙasar 'yan gurguzu ce, waɗanda suka ce babu Allah, kuma duk yaron da ya tafi can sai dai a yi masa addu'a ya komo da sallarsa.

Cikin waɗanda suka tafi a 1981 akwai wani saurayi ɗan birnin Zariya, wanda aka ɗauka ya koyi aikin injiniyan ruwa a wata babbar makaranta a Mosko. Yau dattijo ne, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, bai kuwa so a ambaci sunansa ba. Mahaifinsa malamin zaure ne, ya yi shekaru yana karantar da Sahihul Buhari. Da maganar tafiya ta taso bai hana ba, bai kuma nuna murna ba. Sai daren da za a yi sallama ya kira ɗan ya ce masa, “Na ji an ce kabarin Imamu Buhari a cikin mulkin mutanen nan yake. In gaskiya ne, kada ka yarda ka komo ba ka je ka yi masa sallama ba. Sa'an nan ka rubuto mini abin da idonka ya gani, ban da abin da aka gaya maka.”

Ɗalibin ya riƙe wani ɗan littafi mai baƙin bango inda yake rubuta kuɗin da ya kashe da abin da ya gani kowace rana. Littafin yana nan har yanzu, shi ne kuma ya adana labarin dogon hutunsa na 1983.

ZAMAN MOSKO

Shekarar farko duk ta tafi wajen koyon harshe, don ba a soma wa baƙo karatun sana'arsa sai ya iya Rashanci. Hukuma tana ba kowane ɗalibi baƙo rubul 90 a wata, abin da ya ninka na ɗalibai 'yan ƙasa, wannan kuwa ya jawo ƙyashi ba kaɗan ba. Kuɗin sun isa a ci a sha, gama jirgin ƙarƙashin ƙasa kwabonsu biyar ne ko'ina mutum za shi, burodi kuma araha ne ƙwarai. Wahalar ba ta kuɗi ba ce, ta samun abin saye ce. In mutum ya shiga kanti sai ya bi layi uku: na fari ya ga kaya ya ji farashi, na biyu ya biya a ba shi rasit, na uku ya miƙa rasit ya karɓi kayansa. Saboda haka kowa yana yawo da wata 'yar jakar raga a aljihu ko Allah ya sa ya ci karo da abin da aka daɗe ba a gani ba. Ɗalibin ya rubuta cewa ya taɓa shiga layi bai san abin da ake sayarwa ba, sai da ya kai gaba ya tarar lemo ne.

Abin da ya ba shi dariya a bazarar farko shi ne da zafi ya shigo sai aka yanke ruwan zafi na unguwa ɗungum har makonni, wai ana gyaran bututu kafin sanyi ya komo. Rashawan ɗakinsu suka yi ta ƙorafi, shi kuwa wanda ya tashi da wanka da ruwan rijiya bai ga abin damuwa ba.

Azumin 1983 ya kama a tsakiyar watan Yuni, daidai da jarrabawar ƙarshen shekara. Wanda bai taɓa zama a waɗannan ƙasashe ba da wuya ya gane nauyin wannan. A Mosko a watan Yuni yini yana kai sa'a goma sha bakwai da rabi, a agogon wancan zamani rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, sa'an nan ko ta faɗi duhu ba ya kankama sosai, sai wani haske ya yi ta reto a gefen sama har gari ya waye. Mutum ya sha ruwa, ya yi Magariba da Lisha, kafin ya miƙe ƙafa lokacin sahur ya yi. Ɗakin cin abinci na makaranta kuwa tun da sauran rana ake rufe shi. Da dafaffen ƙwai da madara da burodi ya yi azumin nan, ya kuma ci jarrabawarsa. Sallar Idi ya yi ta a masallacin da Tatar suka gina a 1904, wanda a zamanin shi kaɗai ne ake salla a cikinsa a duk faɗin birnin, ga shi ɗan ƙarami, ya maƙale a gindin babban filin wasan da aka gina don gasar Olimfik ta 1980. Yawancin masallatan tsofaffi ne.

Da aka ba da hutu sai kowa ya kama shiri. Al'adar ɗaliban Afirka a lokacin ita ce su hau jirgin ƙasa zuwa Balin ta Yamma ko Landan, su sayo wandunan jins da faya-fayen kiɗa, su komo su sayar a ɓoye, don wando guda yakan kai albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Laifi ne a dokar ƙasar, amma da shi da yawa suka riƙe kansu, musamman in kuɗin da ake aikowa daga gida sun makara, kamar yadda nasa suka makara a shekarar. Abokansa suka matsa masa ya bi su. Ya yi kwanaki yana juya abin a ransa, gama takalminsa na sanyi ya mutu, ribar tafiya ɗaya kuwa ta isa ta saya masa sabo har da kwat. Daga ƙarshe ya ce shi gabas za shi. Suka yi masa dariya, suka ce wa ya taɓa barin sanyi ya tafi neman zafi da kuɗinsa.

Baƙo ba ya fita garin da aka ajiye shi sai da izni a rubuce. Allah ya taimake shi yana da aboki ɗan Sakkwato da ke karatun noman rani a Tashkan, babban birnin Uzbekistan, shi ya aiko masa da takardar gayyata. Bayan mako biyu na kai da komo aka buga masa hatimi, aka rubuta garuruwa biyu, Tashkan da Samarƙandu. Bai lura da muhimmancin wannan rubutu ba sai daga baya.

KWANA UKU A JIRGI

A lokacin daga tashar Kazan da ke Mosko jirgin Tashkan yake tashi, tafiyar kuwa wajen kilomita 3,300 ce, kusan kwana uku. Ya yanki tikiti mai araha, na taragon da ba shi da ƙofofi a ciki, gadaje hamsin da huɗu sama da ƙasa, kowa yana kallon kowa. A bakin tarago akwai tukunyar ruwan zafi da ba ta mutuwa, da wata mace mai kula da fasinjoji, ita ke raba zanen gado da shayi a cikin tambulan mai mariƙin ƙarfe, ita ce kuma sarauniyar wurin, ba mai ja da ita.

Tun jirgi bai bar gari ba aka soma kwance ƙunshin abinci. Wata tsohuwa da ke gadon ƙasa ta dube shi ta dube shi, sa'an nan ta tura masa cinyar kaza da kokwamba ta ce, “Ci, ɗana, ka rame.” Mijinta ya yanko kitsen alade ya zuba barasa ya miƙo. Ɗalibin ya yi godiya ya ce addininsa ya hana. Tsohon ya ɓata rai, don a wurinsu ƙin abin da aka miƙa maka wulakanci ne, sai da matar ta tsawata masa ta ce ya bar yaro da al'adar gidansu. Suka yi ta yi masa tambayoyi: ko akwai dusar ƙanƙara a ƙasarsu, ko ubansa sarki ne, ko gaskiya ne a Afirka ayaba a bakin hanya take. Wani yaro ya zo ya shafa hannunsa ya duba yatsunsa ko baƙin ya fita. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi wani mashayi ne daga can ƙarshen tarago da ya riƙa kiransa biri, har mai kula da tarago ta kore shi. Ya rubuta a littafinsa cewa a rana ɗaya, a tarago ɗaya, an ciyar da shi kamar ɗa an kuma zage shi kamar dabba, bai san wanne zai rubuta wa Malam ba.

Suka haye kogin Bolga, suka tsaya a Kuibishef, garin da a lokacin aka hana baƙi shiga saboda masana'antun soja, wanda ya koma sunansa na asali, Samara, a 1991. Bayan Orenbag sai itatuwa suka ƙare, aka shiga fakon Kazakistan, fili fetal iyakar ganin ido, ga raƙuma masu tozo biyu suna kiwo. Zafi ya sauko, ƙura ta cika tarago, Rashawa suka yi laƙwas, shi kuwa ya ji kamar an kai shi hanyar Nguru. A tashar Aralsk mata suka yi ta tallan busasshen kifi, amma tafkin da ya ba garin suna ba a ganinsa. Wannan tafki na Aral a dā shi ne na huɗu a girma a duniya. Tun daga wajen 1960 aka karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya da ke zuba a cikinsa don ban-ruwan gonakin auduga, sai ya yi ta ja da baya har jiragen kamun kifi suka zauna a kan rairayi. Ga mai koyon aikin ruwa wannan darasi ne da ba a koya masa a aji ba, ya kuwa ce bayan shekaru, duk lokacin da aka kawo maganar datse kogunan da ke gangarawa Tafkin Chadi a wurin aiki, sai tashar nan ta faɗo masa a rai.

Akwai sojoji samari a jirgin, masu komawa bakin aiki. Ba su cika magana ba. Kowa ya san inda hanyar Tashkan take kai soja tun daga 1979, watau Afganistan, amma jaridu ba su faɗin abin da ke faruwa can, mutane kuma ba su tambaya da ƙarfi.

Agogon tashoshi duk lokacin Mosko suke nunawa, har a Tashkan wadda a lokacin take gaba da sa'a uku, saboda haka sallolinsa da rana ya riƙa auna su, yana yi a zaune a kan gadonsa na sama.

A Tashkan bai daɗe ba. Birnin sabo ne, don girgizar ƙasa ta 1966 ta rushe tsakiyarsa aka sāke gini. Kasuwa ce ta kama masa hankali. Ya tarar ana gasa gurasa a manne a cikin tanderu kamar yadda ake yi a Kano, har sunan murhun ma kusan ɗaya ne, su suna cewa tandir. Ga dafa-dukar shinkafa da karas da naman rago, ga kankana tuli, ga dattawa da huluna a gindin itace suna shan koren shayi. Kunnensa ya riƙa tsintar kalmomi: dunyo, kalam, habar, baraka, watau duniya da alƙalami da labari da albarka, duk Larabci ne ya raba wa harsunan biyu. Shekara biyu rabonsa da jin baƙon da bai sani ba ya yi masa sallama irin ta Musulmi a kan titi.

SAMARƘANDU DA HARTANG

Daga Tashkan zuwa Samarƙandu wajen kilomita 300 ne, a bas ya tafi, shi kaɗai, don abokin nasa yana aikin gona na makaranta. A dandalin Registan ya ga makarantu uku masu rufin tangaram shuɗi, wadda ta fi tsufa Ulug Beg ne ya gina ta tsakanin 1417 da 1420. Ba a karatu a cikinsu a lokacin, an mai da su wurin kallo. Mai yi wa baƙi bayani ta yi ta magana a kan ilmin taurari na Ulug Beg da gwanintar magina, amma rubutun da ya zagaye bangon ba ta ce komai a kansa ba. Ɗalibin ya ja baya daga ayari, ya ɗaga kai ya soma bin rubutun a hankali, sai ya ga ayoyi ne da ya wanke a allo tun yana yaro. Bai san muryarsa ta fito ba.

Wani dattijo mai shara ya ajiye tsintsiya ya matso. Ya tambaye shi da Rashanci daga ina, ya ce daga Nijeriya. Ya ce, “A can ma ana karanta wannan?” Ɗalibin ya ce, “Baba, da shi ake fara mana karatu.” Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi ma ya fara, yana yaro, kafin a rufe makarantun masallatai. Mai karatu ya sani cewa an raba Uzbek da haruffan Larabci wajen 1929 aka ba su na boko, a 1940 kuma aka sāke musu da na Rasha. Cikin wajen shekara goma sha ɗaya aka yanke jikoki daga rubutun kakanninsu, har ya zama mutum yana share ƙofar makarantar da kakansa ya yi karatu, 'ya'yansa ba su iya karanta abin da ke bisa ƙofar.

Da ya faɗi abin da ya kawo shi, dattijon ya ce kabarin ba a cikin gari yake ba, yana wani ƙauye da ake kira Hartang, wajen kilomita 25. Nan ɗalibin ya tuna da takardarsa. Garuruwa biyu aka rubuta, ba ƙauye a ciki, wanda aka kama ya ƙetare iyakar izninsa kuwa ana iya kai ƙararsa makaranta, har abin ya kai ga kora. Shekara biyu na wahala, da sukolashif, da idon mutanen gida, duk suna kan wannan 'yar takarda. Ya kwana bai runtsa ba. Da asuba ya tarar da dattijon a inda suka yi alkawari, ya sa kwat duk da zafin nan, ƙirjinsa da lambobin Yaƙin Duniya na Biyu, surukinsa kuma ya kawo motar ɗaukar kaya ta gonar gwamnati.

Imamu Buhari, Muhammadu ɗan Isma'ila, an haife shi a Buhara a shekara ta 194 ta Hijira, watau 810, ya yi yawon neman hadisi har Makka da Madina da Bagadaza da Masar. Da ya komo gida, gwamnan Buhara ya nemi ya riƙa zuwa fada yana karantar da 'ya'yansa su kaɗai, ya ƙi, ya ce mai son ilmi ya zo inda ake ba kowa. A kan haka aka fitar da shi daga garinsu, ya sauka wurin danginsa a Hartang, nan ya rasu daren Ƙaramar Salla ta 256, watau 870.

Abin da ɗalibin ya tarar bai kai abin da ya zata ba. Wani ɗan masallaci ne tsoho, da manyan itatuwa masu inuwa kamar ceɗiya, da ruwa yana gudana, da kabarin a gefe. Masu ziyara ba su fi a ƙirga ba, yawancinsu tsofaffin mata. Ya yi sallama, ya isar da gaisuwar mahaifinsa, ya yi addu'a. Yana shirin tashi dattijon ya riƙe masa hannu ya ce, “Ɗana, karanta mana wani abu da ƙarfi.” Ya zauna ya karanta Yasin da irin karatun Zariya. Kafin ya kai rabi matan nan sun kewaye shi sun zauna. Da ya shafa, wata ta matso tana magana da harshensu tana hawaye, dattijon ya fassara: ɗanta yana Afganistan, wata huɗu ba wasiƙa, tana roƙo ya sa shi a addu'a. Ya ɗaga hannu ya yi. Ya ce a ransa ya san waɗanda ɗan nata yake yaƙa su ma Musulmi ne, su ma da uwayensu, saboda haka abin da ya roƙa shi ne Allah ya mai da kowane ɗa ga uwarsa. Ta cusa masa rubul uku a aljihu, ya mayar, ta kawo gurasa biyu, wannan ya karɓa.

A hanyar komowa ɗan sanda ya tsai da motar. Baƙin mutum a gaban motar gona ba abin ɓoyuwa ba ne. Ya karɓi takarda ya duba, ya ce ina sunan Hartang a nan. Dattijon ya sauko ya gyara kwat, ya ce baƙonsa ne, shi ya ɗauko shi, in da laifi nasa ne. Suka daɗe suna magana da harshensu. Ɗan sandan ya sake su, amma sai da ya rubuta suna da lambar fasfo.

Rubutun kuwa ya riga shi isa Mosko. Da aka koma karatu a watan Satumba jami'in da ke kula da ɗalibai baƙi ya kira shi ofis, ya yi masa faɗa, ya sa ya rubuta bayani da hannunsa, aka sa a fayil. Ba a kore shi ba, amma a hutun 1984 da ya nemi iznin zuwa Buhara aka hana shi, bai kuwa sāke ganin Uzbekistan ba har ya gama ya komo gida. Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991, Uzbekistan ta zama ƙasa mai mulkin kanta, a 1998 kuma aka yi wa kabarin babban gini da masallaci. Hotonsa kawai ya gani, ya ce bai gane wurin ba.

Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa shafi shida ce, har da labarin mashayin jirgi. An gaya masa Malam ya sa an karanta ta a zaure gaban almajirai. Amsar da ta zo bayan wata biyu gajeriya ce, da ajami. Bayan gaisuwa da labarin damina, Malam ya tambayi abu ɗaya, ko dattijon nan mai shara yana da wanda zai yi masa salla in ya rasu.

A shafin ƙarshe na hutun, ɗalibin ya yi lissafi: ya komo Mosko da rubul huɗu da kwabo sittin, saura kwana goma sha ɗaya a biya kuɗin wata, takalmin sanyi kuma bai samu ba.